IMAMU SHAFI'I DA MATSAYIN IJMA'I A CIKIN SHARI'A

 

A wannan mako za mu kawo tarihin ɗaya daga cikin limaman nan huɗu masu mazhabobi, watau Imamu Muhammadu ɗan Idrisu Shafi'i, Allah ya yi masa rahama. Ko da yake mu a ƙasar nan mazhabar Imamu Maliku muke bi, akwai dalilan da suka sa ya kamata mu san wannan bawan Allah. Na farko dai almajirin Maliku ne, a gabansa ya durƙusa ya yi karatu. Na biyu kuwa, shi ne ya fara tsara ilmin usulul fiƙihi a cikin littafi guda, inda ya yi bayanin ijma'i, watau haɗuwar malaman al'umma a kan hukunci ɗaya. Wannan kalma ta ijma'i ta yi arha a bakin mutane. Wani da zarar gardama ta yi zafi sai ya ce ai malamai duk sun haɗu a kan maganarsa, wani kuma ya ce shi ba ruwansa da haɗuwar kowa. Tarihin Shafi'i yana da amsa ga su biyun, domin shi ne ya tsaya ya kafa hujjar cewa bin ijma'i wajibi ne, kuma shi ne ya fi kowa tsoron ya ce an yi ijma'i a inda ba a yi ba.

An haifi Shafi'i a garin Gaza ta ƙasar Falasɗinu a shekara ta 150 bayan Hijira, daidai da 767 ta Miladiyya, shekarar da Imamu Abu Hanifa ya rasu. Baƙuraishe ne daga zuriyar Muɗɗalibi, nasabarsa tana haɗuwa da ta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wurin Abdu Manafi. Mahaifinsa ya rasu tun yana jariri, saboda haka mahaifiyarsa ta ɗauke shi yana ɗan kimanin shekara biyu ta kai shi Makka, don ya tashi cikin danginsa. Ya tashi maraya cikin talauci, har masu tarihi suka ce kuɗin takarda yakan gagare shi, sai ya tsinci ƙasusuwa ya rubuta karatunsa a kansu. Duk da haka ya hardace Alƙur'ani tun yana yaro ƙarami. Sa'an nan ya fita ƙauye ya zauna cikin ƙabilar Huzailu, waɗanda suka yi suna wajen fasahar harshe, ya sha Larabci daga tushensa, ya hardace waƙoƙinsu, ya kuma gwanance a harbin kibiya. Wannan zama ya yi masa rana daga baya, domin ba mai iya fitar da hukunci daga nassi sai wanda ya san yadda Larabawa ke sarrafa maganarsu.

Da ya komo Makka sai ya duƙufa a kan fiƙihu wurin muftin garin, Muslimu ɗan Halidu Zanji, ya kuma ɗauki hadisi wurin Sufyanu ɗan Uyaina. Daga nan labarin Maliku ya cika masa kunne, sai ya ari littafin Muwaɗɗa ya hardace shi, ya kama hanyar Madina. An ce ya je da takardar gabatarwa daga hakimin Makka, abin bai yi wa Maliku daɗi ba, don yana ganin ilmi ya fi ƙarfin a neme shi ta hanyar masu mulki. Amma da ya ji maganar yaron, ya ji kuma yadda yake karanta Muwaɗɗa da ka, ba tuntuɓe ba gyara, sai ya karɓe shi, ya yi masa wasiyya da tsoron Allah. Shafi'i ya lizimci Maliku har zuwa rasuwarsa a shekara ta 179.

A Madina ne ya fara gamuwa da batun da muke magana a kai. Maliku yana ɗaukar aikin mutanen Madina a matsayin hujja. Dalilinsa shi ne, nan ne gidan Hijira, nan Annabi ya zauna har ya bar duniya, nan dubban sahabbai suka rayu 'ya'yansu suka ga yadda suke yi, saboda haka abin da mutanen garin suka gada hannu da hannu ya fi ruwayar mutum ɗaya ƙarfi. Shi ya sa mai karatun Muwaɗɗa zai ga sau da yawa Maliku yana rufe babi da cewa wannan shi ne abin da aka haɗu a kansa a garinsu. Shafi'i ya ji wannan, ya riƙe, amma bai riga ya ga sauran ƙasashe ba tukuna.

Bayan rasuwar malaminsa, rashin abin hannu ya sa ya karɓi aikin hukuma a ƙasar Yaman, aka tura shi yankin Najrana. Ya yi aiki da gaskiya, bai yarda a saye shi ba, wannan kuwa ya jawo masa maƙiya. Aka kai sararsa wurin Halifa Haruna Rashidu cewa yana tare da zuriyar Sayyidina Aliyu masu neman tayar wa daular Abbasiyawa da hankali. A shekara ta 184 aka taso ƙeyarsa a ɗaure zuwa gaban Halifa. Allah ya kuɓutar da shi saboda kyawun bayaninsa, da kuma shaidar alheri da alƙali Muhammadu ɗan Hasanu Shaibani ya yi masa. Shaibani kuwa babban almajirin Abu Hanifa ne, kuma shi ma ya taɓa karatu wurin Maliku. Sai wahala ta zama alheri, domin Shafi'i ya zauna a Iraƙi yana kwafar littattafan Shaibani, yana karatu wurinsa, yana kuma yin muhawara da shi da almajiransa.

To, a nan ne idonsa ya buɗe a kan wani abu. Ya ga mutanen Iraƙi su ma suna da abin da suke kira abin da aka haɗu a kansa, suna jingina shi ga malaman Kufa, kuma a wurare da yawa ya saɓa wa abin da mutanen Madina ke cewa an haɗu a kansa. Makka tana da nata, Sham tana da nata. Kowane gari ya ɗauki abin da ya tarar wurin dattawansa ya sa masa sunan ijma'i. Tambayar da ta tsaya masa ita ce, in har ijma'i hujja ce da ba ta kuskure, yaya za a yi ijma'i biyu su yi karo da juna? Lalle ɗaya daga cikinsu, ko ma duka biyun, ba ijma'i ba ne.

Ya koma Makka ya kafa majalisinsa a Masallacin Harami, yana koyar da wani irin ilmi da mutane ba su saba ji ba: yadda ake gane gamammen lafazi da keɓantacce, da ayar da ta shafe wata, da yadda Sunna ke bayyana Alƙur'ani, da lokacin da hadisin mutum ɗaya ke zama hujja. Ahmadu ɗan Hambali yana cikin waɗanda suka zauna a gabansa suka yi mamakin fahimtarsa. A shekara ta 195 ya sake zuwa Bagadaza ya yi shekara biyu. Babban malamin hadisi na Basra, Abdurrahmani ɗan Mahdi, ya roƙe shi ya rubuta masa waɗannan ƙa'idoji, shi kuwa ya rubuta ya aika masa. Saboda aikawar nan ne littafin ya sami sunan Risala. Kada mai karatu ya rikita ta da Risalar Ibn Abi Zaidin Ƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu, domin waccan littafin fiƙihun Malikiyya ce, wannan kuwa ta usulu ce.

A cikin Risala ya jera tushen shari'a guda huɗu: Alƙur'ani, da Sunna, da ijma'i, sa'an nan ƙiyasi. Ya sa ijma'i a gaba da ƙiyasi, ma'ana idan an tabbatar al'umma ta haɗu a kan hukunci, to, babu wani mujtahidi da ke da ikon ya zo da ra'ayinsa ya warware shi. Dalilin da ya bayar mai sauƙin ganewa ne. Ya nuna cewa wata sunna tana iya ɓoyuwa ga malami ɗaya ko ga mutanen gari ɗaya, amma ba ta ɓoyuwa ga dukan Musulmi gaba ɗaya, kuma ba zai yiwu dukansu su taru a kan abin da ya saɓa wa Manzon Allah ba. Ya kuma kawo hadisin da ya umurci Musulmi ya lizimci jama'a, ya yi masa sharhi mai kyau. Ya ce tun da Musulmi sun warwatsu a ƙasashe, ba mai iya lizimtar jikinsu duka, kuma a kowane gari akwai mutanen kirki da na banza a cuɗe, saboda haka ma'anar umurnin ita ce a riƙe abin da jama'ar Musulmi suka tafi a kai game da halal da haram.

Malam Baihaƙi ya ruwaito wani labari daga almajiran Shafi'i da ke nuna yadda ya ɗauki al'amarin da nauyi. Wani dattijo ya zo majalisinsa ya tambaye shi hujjojin addini, shi kuwa ya lissafa masa Littafin Allah da Sunna da haɗuwar al'umma. Dattijon ya nemi ya nuna masa inda Alƙur'ani ya tabbatar da na ukun. Shafi'i ya yi shiru, bai ƙago amsa ba, sai dattijon ya ba shi kwana uku. Ya shige gida yana ta sauke Alƙur'ani dare da rana, har da ya fito an ga alamar wahala a jikinsa. Sai ya karanta aya ta 115 a cikin Suratun Nisa'i, wadda ta yi alkawarin azaba ga wanda ya saɓa wa Manzo bayan shiriya ta bayyana gare shi, ya kuma bi hanyar da ba ta muminai ba. Ya bayyana cewa Allah ba zai yi narkon azaba a kan barin hanyar muminai ba sai don bin ta wajibi ne. Tun daga nan wannan aya ta zama ita ce malaman usulu ke fara kawowa a babin ijma'i, ko da yake Imamu Gazali daga baya ya ga hadisan da ke nuna al'umma ba ta taruwa a kan ɓata sun fi ta ƙarfi wajen kafa hujja.

Ga misali daga Risala, wanda ya shafi kowane gida. An san hukuncin nan cewa ba a yi wa magaji wasiyya. Shafi'i ya duba isnadin hadisin da ya iso gare shi a kan wannan, ya ga bai kai yadda malaman hadisi ke so ba. Amma ya tarar masu fatawa da masana tarihin yaƙoƙin Annabi, Ƙuraishawa da waɗanda ba su ba, ba su saɓa ba cewa Annabi ya faɗi haka a shekarar buɗe Makka, jama'a sun karɓo daga jama'a, kuma malamai sun haɗu a kan aiki da shi. Da wannan ya tabbatar da hukuncin. Haka kuma ya ambaci haɗuwar mutane a kan cewa sai an biya bashin mamaci kafin a zartar da wasiyyarsa ko a raba gadonsa. A kan waɗannan ƙa'idoji mazhabobin nan huɗu suke tafiya wajen rabon gado.

Sai dai fa da ya gama kafa hujjar, sai ya juyo ya ƙuntata ƙofar. Ya bayyana cewa shi ba ya kiran abu da sunan wanda aka haɗu a kansa, sai irin abin da duk malamin da ka tara da shi zai faɗa maka, ya kuma ce haka ya karɓo daga na gabansa, kamar kasancewar sallar azahar raka'a huɗu, da haramcin giya. A cikin littafinsa Jima'ul Ilmi ya kawo wata doguwar muhawara da ya yi da wani mai yawan da'awar ijma'i. Ya tambaye shi su wane ne malaman da haɗuwarsu ke zama hujja, kuma wa ya zaɓe su, tun da a kowane gari za ka tarar da malamin da waɗansu ke ɗaukakawa waɗansu kuma na cewa bai isa fatawa ba. Ya tambaye shi in su goma ne tara suka yarda ɗaya ya ƙi, me za a kira wannan. Ya tambaye shi wa ya zagaya ƙasashen Musulmi ya ji ta bakin kowa. Mutumin ya rasa amsar da za ta tsaya. Har ila yau Shafi'i ne ya kafa ƙa'idar nan da ta shahara, cewa ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru. Watau idan malami ya yi fatawa sauran suka yi shiru, ba za a ce sun yarda ba, don mai yiwuwa labarin bai kai gare su ba, ko suna nazari, ko wani abu ya hana su magana.

A shekara ta 199 ya tashi zuwa Masar, inda mafi yawan malamai almajiran Maliku ne. Ɗaya daga cikin manyansu, Abdullahi ɗan Abdul Hakami, shi ya karɓe shi ya taimake shi da dukiyarsa. Ya zauna yana karantarwa a masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗu, ya sake rubuta Risala, ya shifta babban littafinsa Al-Ummu, ya kuma canja fatawoyinsa da dama, har aka riƙa bambanta tsohuwar maganarsa ta Iraƙi da sabuwa ta Masar. A nan ne ya rubuta littafi a kan wuraren da ya saɓa wa Maliku, alhali bai taɓa daina kiransa malaminsa ba, yana kuma kamanta shi da tauraro a cikin malamai.

Misalin wannan saɓani shi ne hadisin da Maliku da kansa ya ruwaito daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umaru, mai nuna cewa mai saye da mai sayarwa kowannensu yana da ikon fasa ciniki muddin ba su rabu ba. Maliku ya kawo shi a Muwaɗɗa, amma ya bayyana cewa ba a san wa wannan zaɓi iyaka ba a garinsu, kuma ba a aiki da shi, saboda haka a mazhabarsa ciniki ya ƙullu da zarar an yi tayi an sallama. Shafi'i ya ce tun da hadisin ya inganta, aikin gari ba ya ture shi. Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne, a cikin Madina ɗin ma akwai masu aiki da hadisin, kamar Ibn Abi Zi'ibi, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umaru da kansa in yana son ciniki ya tabbata sai ya tashi ya ɗan taka.

Adalci ne mu faɗi amsar malaman Malikiyya. Alƙali Iyalu ya yi bayani a cikin Tartibul Madariki cewa aikin mutanen Madina iri biyu ne. Akwai wanda suka gada tun zamanin Annabi, jama'a daga jama'a, kamar girman sa'i da mudu, da lafuzzan kiran salla da iƙama, da wakafi, da rashin karɓar zakka a kan kayan lambu. Wannan hujja ce tabbatacciya, kuma Abu Yusufu almajirin Abu Hanifa ya koma ga maganar Maliku a kan sa'i da ya ga mudun da 'ya'yan Madina suka gada daga kakanninsu. Akwai kuma wanda ya samo asali daga ijtihadin malaman garin, wannan kuwa su Malikawa kansu sun yi saɓani a kan matsayinsa. Mai lura zai ga cewa tambayoyin Shafi'i sun amfani mazhabar malaminsa, domin suna daga cikin abin da ya sa malamanta suka zauna suka tace wannan ƙa'ida.

Ciwon basur ya matsa masa ƙwarai a ƙarshen rayuwarsa, amma bai bar karantarwa da rubutu ba. Ya rasu a ƙarshen watan Rajab na shekara ta 204, daidai da Janairun 820, yana da shekara 54. Aka binne shi a maƙabartar Ƙarafa, a wurin iyalin Ibn Abdul Hakami, watau a cikin Malikawan da suka karɓi baƙuncinsa. Sarki Kamilu na daular Ayyubawa ya gina ƙubba a kan kabarinsa a shekara ta 608. Almajiransa Buwaiɗi da Muzani da Rabi'u ɗan Sulaimanu su suka riƙe ilminsa, kuma ta hannun Rabi'u Risala da Al-Ummu suka iso gare mu.

Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki wannan taka-tsantsan. An ruwaito cewa Ahmadu ɗan Hambali yana ƙaryata mai gaggawar da'awar ijma'i, yana ce masa ya fi kyau ya ce bai san an yi saɓani ba. Ibn Munziri ya tattara mas'alolin da aka haɗu a kansu a cikin ƙaramin littafi. Ibn Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 456, ya rubuta Maratibul Ijma'i, sa'an nan Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya bi littafin ya nuna waɗansu wurare da aka ce ijma'i ne alhali akwai saɓani. In manya irin waɗannan sun yi ta bin sawun juna a kan wannan kalma, ina ga mai wa'azin da bai sauke Iziyya ba?

Saboda haka, ya 'yan'uwa, hukunce-hukunce kashi biyu ne. Akwai abin da al'umma ta haɗu a kansa, kamar salloli biyar, da azumin Ramalana, da zakka, da hajji, da haramcin zina da giya da riba. Wannan ba a buɗe masa ƙofar gardama, ko da wane suna mai gardamar ya zo. Akwai kuma abin da malamai suka yi saɓani a kansa tun da can, kamar ƙabalu da sadalu, da ƙunuti a sallar asuba, da karanta bisimilla a cikin salla. A irin wannan, mutum ya bi abin da ya karanta wurin malaminsa, ko abin da dalili ya rinjayar masa in ya kai matsayin gane dalili, amma kada ya fitar da ɗan'uwansa daga hanyar muminai saboda shi. Wanda ya mai da kashi na farko abin wasa ya rushe addini, wanda kuma ya ɗora wa kashi na biyu sunan ijma'i ya yi wa malamai ƙarya, ya kuma raba kan masallaci. Duk wanda ya ce maka an yi ijma'i, ka tambaye shi cikin ladabi wane malami ne ya hakaito shi, kuma a wane littafi.

Allah ya jiƙan Imamu Shafi'i da malaminsa Imamu Maliku da sauran limaman shiriya, ya amfane mu da ilminsu, ya haɗa kan Musulmi a kan gaskiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.